Gashin Bakin Savino

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu cikin shekara ashirin da ukun nan, ta hannun Ripalta ya bi. Ita ke buɗe ƙofar makaranta da safe, ita ke kaɗa ƙararrawa, ita ke goge majinar ɗan wani, ta wanke gwiwar 'yar wani ta manna mata filasta. Malamai suna zuwa suna tafiya, ita tana nan da shuɗiyar rigar aikinta da tarin mukullai a aljihu. Mace ce mai fargaba tun tana ƙarama. Yaro ya makara minti biyar, ta riga ta ga mota ta buge shi a zuciyarta. In ta fito daga gida sai ta koma sau biyu ta duba ko ta kashe gas. Mijinta Savino yakan ce da fargaba sana'a ce, da tuni matarsa ta buɗe reshe a Milano.

Ɗan kanta ne dai Allah bai ba ta ba. Shekara goma sha shida da aure, an je asibitin Foggia, an je na Bari, an kunna kyandir a coci har ta gaji, shiru kake ji. Da ta haura arba'in suka haƙura da likitoci, suka nufi kotun yara neman izinin ɗauko ɗan riƙo daga ƙasar waje. Aka yi shekara da rabi ana juya su kamar waina a tanda: tambayoyi, gwajin jini, wata jami'a ta zo ta leƙa har cikin firij. A ƙarshe alƙali ya ce sun cancanta, aka ba su takarda. Amma takardar tana da wa'adi. Shekara guda cif aka ba su, su zaɓi ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da gwamnati ta amince su nemo wa mutane yara, su sa hannu su damƙa mata amanar. In shekarar ta cika ba su zaɓa ba, takarda ta mutu, sai a koma farko. Ripalta tana da arba'in da huɗu, ta kuma san shekarunta ba za su ɗauki komawa farko ba.

Sha huɗu ga Mayu wa'adin zai cika. Ta ajiye takardar a bayan hoton Maryama a falo, kullum da safe sai ta zaro ta ta duba ranar, kamar wani zai canja ta kafin gari ya waye.

Shi Savino mai aski ne, shagonsa na ƙasan benen da suke zaune. A garinmu ba a neman mutum da sunan da aka yi masa baftisma, sai da laƙabi, laƙabi kuwa gado ne, ya fi gona daɗewa a hannun iyali. An haifi Savino da tsagaggen leɓe na sama, aka ɗinke shi yana jariri, aka sake ɗinkewa yana ɗan shekara bakwai, yaran makaranta suka sa masa Zomo, don shi ma zomo leɓensa a tsage yake. Yana cika sha shida ya tara gashin baki, baƙi wuluk, mai kauri kamar tsintsiya, bai sake bari aska ta kusance shi ba. Yau sai ka ji saurayi ya ce, "Za ni wajen Zomo in rage suma," bai ma san dalilin sunan ba. Tsofaffin da ke zaman shagon sukan tsokane shi, su ce wanzami ba ya son jarfa, ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ita kanta Ripalta ba ta taɓa ganin tabon da ido ba. Ta san yana nan, bakinta ya san shi, amma shekara goma sha shida ba su taɓa yin maganarsa ba ko sau ɗaya.

Litinin ce ranar hutun masu aski, don haka Litinin suke zuwa ganin ƙungiyoyin. Ripalta takan roƙi izini a makaranta, ta goge masa farar riga, su hau jirgin ƙasa. Ƙungiya biyar suka gani cikin wata goma sha ɗaya, kowace sai da Savino ya samo mata aibu. Ta farko, ya ce gahawarsu ruwan wanke kofi ce, wanda bai iya karɓar baƙo ba ina zai iya da yaro? Ta biyu, mai bayanin ta duba agogo sau uku. Ta uku kuwa, suna fitowa ya ce, "Ripà, kin ga askin mutumin nan? Wanda ya zauna aka yi masa wannan ɓarnar a kai ya biya, ni zan ba shi amanar ɗa?" Ta yi dariya a lokacin, dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta huɗu ta yi nisa, ta biyar matar ba ta da fara'a.

Wannan ta biyar ɗin ce ta kwanta wa Ripalta. Ɗaki biyu ne kacal a Bari, bayan tashar jirgi, bango duk hotunan yara. Shugabar wurin, Sinyora Loiacono, busasshiyar mace ce mai furfura, ba ta da fara'a kam, gaskiyar Savino. Amma ta kalle su ta ce, "Shekara biyu ko uku za ku jira. Duk wanda ya ce muku wata shida, ku tashi ku bar masa ofishinsa." Kuma duk yaron da Ripalta ta nuna a bango, matar ta san sunansa, ta san ajin da yake yanzu. Wadda ta yi shekara ashirin da uku a ƙofar makaranta ta san bambancin mai son yara da mai yi musu murmushi.

Afrilu ya ƙare, Savino bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Abinci ya daina shiga wa Ripalta. Ta kaɗa ƙararrawar tashi minti goma kafin lokaci, abin da ba ta taɓa yi ba, shugaban makaranta ya fito yana duba agogonsa. Yayarta Michelina ta zo ta same ta tana goge tagar da ta goge jiya.

"Ke dai ba kya son gaskiya," in ji Michelina. "Namiji jininsa yake so. Kunyar ki yake ji, shi ya sa yake jan ki har takardar ta mutu da kanta, ya ce ba laifinsa ba ne."

"Shi ya fara kawo maganar, Michè. Shi ya yi wa ɗakin yaron fenti."

"Fenti! Nawa mijin ma ya yi wa jirgin ruwa fenti shekara goma, ya taɓa shiga teku?"

Ripalta ta kore ta da tsumman hannunta, amma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse.

Ranar Lahadi, saura kwana goma, Savino ya fita kallon ƙwallo da rana. Ita kuwa hannunta ba ya iya zama, ta shiga gyaran durowarsa, ta ci karo da fom-fom ɗin da ƙungiyoyin suka ba su. Kowace ƙungiya tana da irinsa: jerin lalurorin da yaro zai iya zuwa da su, a gaban kowace akwai gurbin eh da gurbin a'a. Ita tun farko ta ce masa ya cike, hannunsa ya fi nata kyau, duk abin da ya zaɓa ta yarda. Ta ɗauka bai taɓa su ba. Ashe ya taɓa. Da fensir ya bi su, layi bayan layi. Ciwon asma, eh. Raunin ji, eh. Gurguwar ƙafa, eh. Yaron da ya haura shekara shida, eh. Sai rubutun ya tsaya cak. Ta ɗauki na biyu, nan ma ya tsaya a tsakiyar shafi. Na uku haka, na huɗu haka, na biyar haka. Jerin kowace ƙungiya daban ne, amma duk a kan kalma ɗaya fensirin ya tsaya: tsagaggen leɓe. A fom na biyar har takardar ta huje a wurin, don yawan rubutawa da gogewa.

Ta zauna a bakin gado da takardun a hannu. Wayyo Savino! Ashe ba gahawa ba ce, ba askin mutum ba ne. Ta tuna kuwa, duk inda suka je yana hira yana barkwanci, sai an miƙo fom ɗin nan fuskarsa take canjawa. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta ya kama ta, tsoro kuma ya fi su duka, don kwana goma ba komai ba ne.

To, a nan ne Ripalta ta yi abin da kowane ɗan garinmu zai yi, abin da nake jin haushinmu a kai. Mu ba ma tarar magana ta ƙofar gaba. Sai mu zagaya ta baya, mu nemi wanda zai yi mana alfarma, da ɗan abu a hannu. Maimakon ta jira mijinta ya dawo ta zaunar da shi, sai ta mayar da takardun yadda ta same su. Ranar Laraba ta ce wa shugaban makaranta haƙori ke damun ta, ta ɗauki babbar kwalbar zaitun ɗin garinmu, manyan nan koraye da ta jiƙa da hannunta, ta hau jirgin Bari ita kaɗai.

Sinyora Loiacono ta dubi kwalbar, ta dubi Ripalta.

"Wannan fa?"

"Ba komai, Sinyora, ɗan abin taɓawa ne. Na gida ne."

"Ina maigidan?"

Ripalta ta zayyana mata komai, har da laƙabin. Sannan ta sunkuyar da murya, ko da yake ba kowa a ɗakin. "Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar Litinin in mun zo, ki ba mu fom ɗin da babu wannan layin. Ki goge shi, ko ki rufe da wani abu. Layi ɗaya ne, wa zai sani? In bai gan shi ba zai sa hannu."

"Ke kuma me kike so a rubuta a wurin?"

"Ni? Ni ko da kai biyu yaron ya zo ina so."

Matar ta cire tabarau ta murza idanu. "Sinyora Ripalta, ba ni na ƙirƙiro layin nan ba. Ƙasar da za ta ba da yaron ce ke tambaya, kuma yara da yawa a jerinmu haka aka haife su. In na goge, wata rana sai in kira ku in ce ga yaro, mijinki ya buɗe hoto ya ga abin da ya yi shekara guda yana gudu. A lokacin yaron ya riga ya ji an ce ya sami uba. Kin taɓa ganin yaron da aka ce masa an fasa? Ni na gani sau biyu, ba zan ga na uku ba. Eh amsa ce, a'a ma amsa ce, ba na raina wanda ya ce a'a. Amma da hannunsa zai rubuta."

"Saura mana mako guda, Sinyora."

"Na sani. Litinin ƙarfe goma ina nan. Ku zo da fom, ku zo da hotonku ku biyu, don mukan haɗa ɗan littafin hotuna a kai wa yaro ya san fuskokin iyayensa kafin su iso. Zaitun ɗin kuma koma da shi. In kun sa hannu ki kawo, mu ci tare."

Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Haka ta dawo da kwalbar a cinya, tana kallon gonakin inabi ta taga ba ta ganin su. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Sau uku tana buɗe baki a kan abinci, sau uku tana cewa, "Ƙara miya?"

Ranar Asabar da azahar, lokacin da Savino ke sauke ƙofar shago rabi don cin abinci, ta yi ta maza ta sunkuya ta shiga. Mata ba sa shiga shagon aski a garinmu, ita ma rabonta da shi tun ranar da aka buɗe. Yana share gashi. Ta wuce ta hau kujerar aski ta zauna, ta ajiye fom na biyar a gaban madubi.

"Aski ko gyaran fuska, Sinyora?" in ji shi, yana ƙoƙarin wasa. Sai idonsa ya faɗa kan takardar, tsintsiyar ta tsaya.

"Na je Bari ranar Laraba," ta ce. "Na kai wa matar zaitun, na roƙe ta ta goge layin. Ta koro ni."

"Kika kai maganata wurin baƙuwa?"

"Na kai. Kai ka kawo mini ita ne? Wata goma sha ɗaya, Savì! Ina ta zargin kaina, ina cewa ka gaji da ni, kana nan kana faɗa da fensir!"

Ya jingina tsintsiyar ya zauna a bencin masu jira. Ta madubi suke kallon juna, don hakan ya fi sauƙi.

"In na rubuta a'a," ya ce a hankali, "ni na kori kaina. Wani yaro yana can, irina, na rufe masa ƙofa da hannuna. In na rubuta eh, na ɗauko shi daga inda ba wanda ya san shi, na kawo shi garin nan. Kin san garin nan. Kafin ya koyi sunan titinmu an sa masa Ƙaramin Zomo. Ke ba ki sani ba, Ripà. Karas suke sa mini a jaka. Shekara biyar ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, don kada in yi magana a kwaikwaye ni."

Hawaye ya zubo mata, amma ba ta sassauta ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ni ce ban sani ba? A tsakar makarantar nan nake tsaye shekara ashirin da uku. Mai ƙiba yana da suna, mai tabarau yana da suna, wanda uwarsa ta yi masa aski a gida yana da suna. Kuma bari in gaya maka, duk yaron da muka kawo, ko da bakinsa ya fi na mala'ika kyau, ɗan Zomo za a ce masa. Sunan gidanmu ke nan, ni ma matar Zomo ce, ban mutu ba. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne waɗanda in an tashi suke tsayawa kusa da ni a bakin ƙofa, suna kallon titi, ba mai zuwa. Kai da aka sa maka karas, wa ka je ka gaya wa?"

"Ba kowa. Babana cewa yake in daina kuka kamar mace."

"To shi wannan zai sami wanda ya san abin."

Savino ya shafa gashin bakinsa, ya kalli ƙasa. Ta jira. Ya miƙe ya ɗauki tsintsiya.

"Taliya za ta yi sanyi," ya ce.

Ko eh, ko a'a. Lahadi ta zo ta wuce, bai ɗauki fensir ba. A coci Ripalta ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakin fada mai wa'azi ba, lissafin kwana kawai take yi: Litinin, Talata, Laraba.

Litinin da safe ta goge farar rigar duk da haka. Jirgi ƙarfe takwas da minti goma. Bakwai da rabi Savino ya sa rigar, ya ce bari ya sauka shago ya ɗauko abu. Ta tsaya a bakin titi da jaka a hannu, takardar kotu a ciki, fom a ciki, hoton da suka ɗauka a bikin 'yar Michelina a ciki. Ƙofar shagon a sauke. Minti biyar, minti goma. Ta ce a ranta shi ke nan, ya kulle kansa, jirgi zai tafi. Ta ce ko ya yanke jiki ya faɗi ne a ciki. Ta ɗaga hannu za ta buga ƙofar, sai ga ta tana ɗagawa.

Da farko ba ta gane shi ba. Wani mutum ne ya fito, mai fuskar yaro, saman leɓensa fari fat inda rana ba ta taɓa gani ba shekara talatin. Ga tabon nan, siriri, ya taso daga leɓe ya karkace zuwa hanci. Ya yanke kansa kaɗan a gefe, shi da bai taɓa yankar kowa ba, ya manna 'yar auduga. Hannunsa na ta son tashi ya rufe bakin, yana mayar da shi aljihu.

"Kada ki ce komai," in ji shi. "Mu tafi, za mu makara."

Ba ta ce ba. Ta kama hannunsa suka bi ta dandali, inda tsofaffin shagonsa ke zaune a gaban mai gahawa. Hira ta tsaya. Wani ya buɗe baki, Ripalta ta watsa masa irin kallon da take yi wa 'yan aji biyar, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ba ta saki hannun Savino ba har tasha.

A Bari, kafin su hau ofis, ya ja ta zuwa shagon mai hoto da ke kusa da tashar. Ta ce ai ga hoto a jaka. Ya ce wancan ba shi ba ne.

Sinyora Loiacono ta dube shi sau ɗaya, ba ta nuna ta ga wani abu ba. Ta miƙa masa biro. Ya buɗe fom ɗin, ya sami layin da ya huje, ya rubuta eh a gefen ramin, ya bi sauran layukan har ƙasa. Suka sa hannu a takardar amana, shi da Ripalta, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Sannan ya tura mata sabon hoton a kan tebur.

"Wannan za a sa a littafin," ya ce.

"Ka san ba lalle ne yaron ya zo da wannan lalurar ba," in ji matar. "Kuma jiran yana nan, shekara biyu ko uku."

"Na sani. In irina ne, ya gani tun daga can, ya san gidansu zai zo. In ba irina ba ne, ya fara sabawa da fuskar ubansa."

Ripalta ta buɗe jaka tana neman hankici, ta kasa samu. A jirgin komawa fargabarta ta dawo mata sabuwa: wace ƙasa, yaushe, in yaron bai so taliya ba fa, in ya ji tsoronsu fa? Savino yana gefen taga, iska na taɓa masa wurin da ba ta saba taɓawa ba.

"Zai sake tsirowa kafin yaron ya zo," ta ce.

"Kullum da safe zan aske," in ji shi. "Kada ya iso ya ce ba ni ne na hoton ba."